Ƙusar da Ta Ƙi Karyewa

Zuwa ga ɗan Kawu,

Aminci ya tabbata a gare ka, kai da abokan aikinka. Ina fatan ciwon bayan da ka zo da shi ya sake ka. Mu nan lafiya muke. Idona na hagu yana ɗan yin ruwa idan na daɗe a kan awo, amma bai kai abin kai ƙara ba. Tsohon mai walda na shagona yana gaishe ka. Hannunsa ya ƙara rawa, bakinsa kuwa bai ragu da komai ba.

Ba gaisuwa ce ta sa na ɗauki alƙalami ba. Na yi maka laifi a kan bakin haƙan rijiyar da ka ɗauka a shagona, kuma ina so ka ji shi daga gare ni kafin ƙasa ta gaya maka.

Ka san yadda marigayi mijina ya ƙera bakin nan, amma zan maimaita domin ka ga daidai inda na ɓata. Fikafikansa uku a naɗe suke sauka ta cikin bututun bango, wanda ke tokare rami kada ya rufta. Idan suka wuce ƙarshen bututun sai su buɗe, su ci ƙasa fiye da faɗinsa, shi kuma ya bi su a baya. In za a fito, a juya sandunan haƙa hagu, fikafikan su naɗe, a ja. Amma wani lokaci yashi yakan cusa bayansu ya hana su naɗewa. Saboda irin wannan ranar ce marigayi ya sa ƙusar tagulla guda a cikin bakin. Da gangan ya yi ta mai rauni: in injin ya ja da ƙarfi ita ce za ta karye, fikafikan su saki, bakin ya fito. Yakan ce gara ƙusa ta mutu da rijiya ta mutu.

Ranar da ka zo, kana jingine da ƙofa kana dariya, ka ba ni labarin abin da mai injinku ya faɗa: wai ƙusata tana karye masa a banza, wai aikin mace ko a ƙarfe ne sai ya nuna. Kai wasa ka ɗauke shi. Ni na yi murmushi na ce ka shiga ciki ka ci abinci. Kana shiga na cire ƙusar tagullar, na sassaƙa wata da ƙarfen da na gasa na tsoma a mai, irin wanda ko zarto ba ya ci, na buga ta a gurbin, na rufe kanta da giris. Ba mantuwa na yi ba, ba kuskuren awo ba ne. So nake mutumin nan ya gaji da jira bai ga ta karye ba.

Tun ranar nake tambayar kaina a kan sallaya: mace mai furfura, wadda ke tara ƙannenta tana yi musu nasiha a kan haƙuri, ta yaya maganar mutumin da ba ta taɓa gani ba ta kai ta ga ha'inci a cikin aiki? Ban sami amsar da zan iya tsayawa da ita gaban Ubangijina ba.

Don girman Allah kada ka zura bakin nan cikin rami. Ga ƙusoshin tagulla biyu na ƙulle a cikin takardar nan. Ka fitar da waccan ka aiko mini da ita. Na yi wa Allah bakance cewa ba zan sake kunna injin sassaƙa ba sai ranar da ƙusar nan ta dawo tafin hannuna. Na lulluɓe injin da buhu, na miƙa wa tsohon mai walda makullin wutarsa.

Tunda ka ce waya ba ta shiga inda kuke, na ba direban da ke kai muku mai wannan takardar. Allah Ya sa takardar ta riga bakin isa rami.

Yayarka.

*

Yaya,

Gaisuwa da ban girma. Ya jiki, ya shago, ya tsohon nan, har yanzu yana zagin masu ɗauke wuta? Bayana ya yi sauƙi, sai dai tabarmar da nake kwana a kai ba ta san zumunci ba.

Direban mai bai iso ba, an ce motarsa ta lalace a hanya, shi ya sa na ba wani mai babur wannan ya fita da ita. Ban ji daga gare ki ba, amma na san shirunki lafiya ce.

Albishirinki. Bakin nan naki ci yake kamar baƙon da ya kwana da yunwa. Mun wuce jar ƙasa, mun wuce tsakuwa, yanzu muna cikin yashi mai laushi, bututun bango yana bin sa salin-alin. A irin wannan wuri da tuni ƙusa ta karye mun fito mun sake. Wannan karon ko gezau. Mai injin da kansa ya leƙo ya ce, "Kai, 'yar'uwar nan taka ta fara jin magana." Na ce, "Ranka ya daɗe, Yayata ko mijinta ba ta ji maganarsa a kan ƙarfe ba, balle kai."

Da za ki ga mutanen garin nan. Tsohuwar rijiyarsu ta ƙafe, abin da suke sha daga wani kududdufi ne can nesa, launinsa kamar shayi da madara. Akwai wata tsohuwa, unguwar zomar garin, kullum tana zaune a gefen raminmu. Ta ce mini, "Ɗan nan, na gaji da wanke jarirai da ruwan da jaki ya ƙi." Abokin aikina, wanda muke ce wa Baƙin Mai, yana tsokanarta wai sai ta aure shi kafin ya bar ta ta ɗiba. Ta dube shi sama da ƙasa ta ce jariran da take karɓa sun fi shi tsabta tun kafin a yanke cibiya.

Yashin da ke fitowa ya fara sanyi a hannu. Ruwa na kusa, ki taya mu da addu'a.

Ƙaninki.

*

Yaya,

Ina gaisuwa. Lafiyar jiki muna da ita, sauran kuma sai abin da Allah Ya yi.

Takardarki ta iso tare da man. A tsaye na karanta ta, a gefen ramin da bakin ya riga ya maƙale a ciki.

Ga yadda aka yi. Mun taɓa ruwa, mai yawa kuwa. Muka juya hagu don mu fito, fikafikai suka ƙi. Na ce wa Baƙin Mai ya ja, ƙusa za ta karye kamar kullum. Ya ja. Ya ƙara. Gaban injin ya ɗaga daga ƙasa, igiyar ƙarfe tana kuka, bututun bango da kansa ya fara motsi. Na daka masa tsawa ya saki. Muka tsaya muna kallon juna, ba wanda ya gane abin da ya faru. Yanzu na gane.

Ba zan ce miki komai a kan abin da kika yi ba. Ni na kwaso maganar na kawo miki, bakina ne ya ja. Mai injin bai sani ba, ba kuwa zai ji daga gare ni ba.

Ga inda muke. Muddin famfo yana tura ruwa ta cikin sanduna yana dawowa sama, yashi ba zai kwanta a kan bakin ba. Ranar da ruwan nan ya tsaya, yashi zai zauna ya kama komai, sanduna da bututu, rijiyar ta mutu. Tankinmu ya ƙare, ƙasar kuma shanye abin da muka zuba take yi. Na tara mutanen na gaya musu halin da ake ciki. Yaya, yanzu matan garin ne ke ɗauko ruwa a ka daga kududdufin nan, su juye mana a ramin taɓon da famfo ke zuƙa daga ciki, su koma. Ruwan da za su sha ke nan. Unguwar zoma ce ke tsara su, tana tafe da sanda tana cewa, "Ku ɗaga ƙafa, bashi muke ba ƙasa, za ta biya."

Ki sassaƙa mini masoki: siririn ƙarfe mai kaifi da zan saka ta cikin sanduna har cikin bakin, ya sare ƙusar daga ciki. Sai ya shiga maƙogwaron bakin cif-cif. In ya yi kauri da silin gashi ba zai wuce ba, in ya yi siriri zai goce. Ke kaɗai ke da awon, ke kaɗai ke da hannun.

Maganar bakance kuwa, na san cikin zafin rai kika rubuta. Ƙusar da kike jira ta dawo hannunki, ai sai da masokin za ta fito. Na ce wa direban kada ya taso sai da shi.

Ƙaninki.

*

Zuwa ga ɗan Kawu,

Aminci ya tabbata a gare ka. Ina roƙa maka lafiya, ina roƙa wa matan nan ƙarfin wuya da na ƙafa. Ni jikina ƙalau yake, sai dai tun da na karanta takardarka ban kai kofi bakina ba tare da na ga layinsu a idona ba.

Takardunka biyu tare suka same ni, ta murnar da ta baƙin cikin. Na fara da ta murnar bisa rashin sani, kuma wannan ma wani hukunci ne da na cancanta.

Ka ce bakinka ne ya ja. Kada ka ƙara faɗin haka. Wanda ya kawo labari daban, wanda ya ɗauki guduma daban.

Ga masoki nan, bisa awon da marigayi ya bari, bakinsa a gashe. Ka wanke cikin sandunan sosai kafin ka sake shi, ka ɗaura shi da igiyar waya mai kyau, kada ka sake shi daga sama gaba ɗaya. Ka kai shi kusa tukuna, sannan ka ɗaga kamu biyu ka saki. Ka yi haƙuri da jinkirin da aka samu.

Bakancen ba cikin zafin rai na yi shi ba. Da alwala na yi shi, da cikakken hankalina. Wadda ta riga ta ci amanar aiki, in ta ƙara da saɓa wa Allah alkawari, me ya rage mata? Amma na yi tunani mai tsawo, kuma na sami hanyar da ba za ta tauye ka ba, ba kuma za ta bar ni da nauyi ba. Allah Ya sa a dace.

Yayarka.

*

Yaya,

Gaisuwa, tunda an saba farawa da ita. Kowa na numfashi.

Masokin bai shiga ba. Ya kai maƙogwaro ya cije. Da ƙyar muka zaro shi, saura kaɗan shi ma ya zauna a can. Na wanke shi na duba a rana. Layin sassaƙar yana tafiya yana lanƙwasa kamar sawun maciji. Yaya, tun ina ɗan saurayi nake riƙe ƙarfen da kika sassaƙa, ko a duhu na san shi. Wannan hannun tsohon mai walda ne.

Kin ce kin sami hanya. Ni na ɗauka hanyar ita ce kin yaye buhun nan kin yi kaffara. Shi ya sa ban auna shi ba, ban gwada ba, na tara mutane na ce musu yau za a gama. Ashe hanyar ita ce ki tsaya a gefe hannunki a wanke, ki sa tsoho mai rawar hannu ya yi abin da kika san ba zai iya ba.

Bari in gaya miki abin da jinkirin ya ci. Layin matan ya ragu, wasu wuyansu ya kumbura, wasu mazansu sun hana. A cikin waɗanda suka rage akwai wata mai tsohon ciki, an hana ta ta ƙi, ta ce ɗanta ba zai sha ruwan kududdufi ba. Ta zame a gangare da jarka a kanta. Unguwar zoma ta jefar da sandarta ta tafi kanta. Matar ta rayu. Abin da ke cikin bai zo da rai ba.

Da tsohuwar ta dawo ba ta yi mini faɗa ba. Cewa kawai ta yi, "Ɗan nan, ƙarfen naku yaushe zai zo?"

Ke ce babba, ban taɓa ɗaga miki murya ba, ko a takarda. Amma alkawarinki tsakaninki da Allah ne, wuyan matan nan kuma shi ke biyansa. Wa ya tambaye su? Famfo yanzu aiki yake yana hutawa, sanduna sun fara nauyi in an juya. Mai injin ya ce haƙurinsa ya kusa ƙarewa.

Ga direba nan. In za ki yi, ki yi. In ba za ki yi ba, ki gaya mini in sallami matan nan su huta.

Ƙaninki.

*

Yaya,

Ina gaishe ki. Ya idon? Ki riƙa hutar da shi. Mu nan mun gaji ne kawai.

Masoki na biyu ya iso, babu takarda tare da shi. Ya sauka kamar an zuba mai. Na kai shi kusa, na ɗaga kamu biyu na saki, yadda kika ce. Ta cikin igiyar na ji ƙusar ta tsinke. Baƙin Mai ya yi kabbara, ya rungume ni da wannan rigar tasa.

Sai muka ja. Babu abin da ya motsa.

Kafin masokin ya iso ramin taɓo ya riga ya bushe. Ba laifin matan ba ne, sun yi abin da ya fi ƙarfinsu. Yashi ya zauna. Fikafikan sun saki, na tabbata, amma ƙasa ta kama sanduna da bututu tun daga ƙasa har kusan rabi. Mun juya dama, mun juya hagu, mun sa jak, har sanda ta murɗe ta tsinke. Abin da ke sama muka kwashe. Sauran, da bakinki, da ƙusarki, suna can ƙasa cikin ruwan da ba wanda zai sha.

Na rufe ramin da faranti na yi masa walda don kada yaro ya faɗa. Mai injin ya ce a naɗe kaya, akwai wani aiki a gaba. Na tambaye shi ko za mu dawo mu gwada wani wuri, ya ce sai ya ga yadda zai sami sanduna. Kin san ma'anar wannan.

Da muna ɗaure kaya mutanen suka tsaya nesa suna kallo. Unguwar zoma kaɗai ta matso. Ta ce, "Kun dai gan shi da idonku? Akwai ruwan?" Na ce akwai, Iya. Ta ce, "To, da sauƙi," ta juya.

Maganganun da na yi miki a waccan takardar, ba zan ce ƙarya ne ba, amma ki yafe mini yadda na faɗe su. Abu ɗaya nake son ji. Masoki na biyu na san ba aikin tsohon ba ne, amma ban sani ba ko wata hanyar kika sake samowa. Ƙusar nan ba za ta taɓa dawowa hannunki ba. To ina aka kwana a kan bakancen?

Ƙaninki.

*

Zuwa ga ɗan Kawu,

Aminci ya tabbata a gare ka a duk inda injin ya kai ka. Idona da sauƙi. Babu abin da zan yafe maka. Gaskiya ka faɗa, kuma da ka sassauta ta da ba ta shige ni ba.

Akwai abin da ban rubuta maka ba. Ranar da na sa tsohon mai walda a gaban injin, sai da ya ɗaga hannuwansa ya nuna mini. Ya ce, "Uwar ɗakina, dube su. Ko shayi zubar da shi suke yi. Wannan aikin naki ne." Na ce ni zan riƙa faɗa masa awo, shi ya juya. Ya lalata ƙarfe bayan ƙarfe ina tsaye a bayansa, hannuwana a cikin mayafi. Wanda na aiko maka, na sa ma'auni na ga ya ɗan haura. Na ce wa kaina giris zai shigar da shi.

Hukuncin ba ɓoyayye ba ne a gare ni. Ni nake koya wa wasu cewa wanda ya yi alkawari sannan ya ga abin da ya fi shi alheri, ya yi alherin ya fanshi alkawarinsa. Na san wannan tun daga takardar da ka fara neman masoki a cikinta. Na bincika zuciyata ko tsoron Allah ne ya riƙe ni, ban same shi a wurin ba. Abin da na samu shi ne ba na son a ce na faɗi magana na janye.

Da takardarka ta uku ta zo, na karanta labarin matar nan, na miƙa wa tsohon tafin hannuna. Ya ciro makullin injin daga aljihu ya ajiye a kan benci, ya ce, "Da ma." Ya fita ya bar mini shagon.

Ka ce mai injin ba zai ji daga gare ka ba. Zai ji daga gare ni, na rubuta masa, domin kada ya ɗora maka asarar sandunansa. In hanya ta sake bi da kai garin nan, ka nemi unguwar zoma da matar da ta rasa ɗanta, ka gaya musu ba ƙasa ce ta ci rijiyarsu ba, wata mace ce mai sassaƙa ƙarfe. Kada ka nema mini gafara a wurinsu. Ka faɗa kawai, abin da suka ce ka rubuto mini shi yadda yake.

Na yi kaffara. Ban ji ta rage komai ba, ban kuma ga dalilin da zai sa ta rage ba.

Ka tambaye ni bakancen. Babu wata hanya ta biyu. Ni na yaye buhun, ni na kunna injin, ni na sassaƙa. Ban cika bakancena ba. Na karya shi, kuma na karya shi a makare.

Yayarka.